Jan Fenti a Gindin Mangwaro

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban yara da yaran gaba ɗaya. Yaya gwiwar Inna? Maganin shafawar da na aiko, don Allah a riƙa shafa mata safe da yamma, ba a ɗora shi a saman kwaba ana kallo ba. Ni ma lafiya lau, sai aikin asibiti da ba ya ƙarewa. Makon nan haihuwa goma sha huɗu na karɓa, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga.

Tunda kin ce a waya ba ma yin minti biyu ba mu hau sama ba, to ga takarda, ita ba ta ɗaga murya.

Yaya, ashe bene za ki ɗora a kan shagon ɗinkinki? A bakin direban da ke kai mana wasiƙa na ji. Ya ce an jibge bulo a ƙofar gida har ba a hango tagar shago. Allah ya sanya alheri. Ban ji a bakinki ba, amma ba komai, an saba. Auta ce, sai an gama komai a ce ta zo ta yi barka.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar da na ji sai da abinci ya fita kaina. Ke kina bakin titi, mota ta tsaya, mai ɗinki ta sauko, taku uku tana cikin shagonki. Ni filina yana maƙale a bayan gidanki, bayan mangwaron da Baba ya dasa, ba wanda ya san hanyarsa sai awakin unguwa. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaki ɗaya a gidan ma'aikata, hawa na uku, in na buɗe taga tankin ruwan asibiti nake gaisarwa. Ke kuma har kin ƙoshi da ƙasa kina neman sama.

Ni ma na fara tunanin gini, ko ɗaki biyu ne. Ki sa Baban yara ya leƙa min wurin, ya ga ko ciyawa ta bar inda mutum zai sa ƙafa. Na kuma ji igiyar shanyarki ta tsallaka mangwaro ta shiga ɓangarena. Ki janye ta, Yaya. Da igiya ake farawa.

Ki gaida Inna, ki ce mata autarta tana nan, in ta tuna tana da ita.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Takardarki ta iso, mun gode Allah da kina lafiya. Mu ma ƙalau. Gwiwar Inna yau sauƙi gobe ciwo, magani kuma ana shafawa, ba sai an aiko daga nesa an koya min kula da uwata ba. Igiya na janye, awakinki suna godiya.

Maganar bene kuwa, ki kwantar da hankalinki ki ci abincinki. Babu bene.

Ranar Talata da hantsi ina kan keke ina ɗinka rigunan makaranta, sai ga farar mota ta tsaya. Mutum uku suka sauko da abin awo mai ƙafa uku da doguwar sanda mai lamba, irin wadda Baba ya yi shekara talatin yana riƙe wa masu awon ƙasa. Da na gan ta har na ji daɗi. Kafin in ankara ɗayansu ya buɗe gwangwani ya shafa jan fenti a bangon zaure. Na fito da almakashi a hannu na ce, “Malam, lafiya?” Ya ce daga ofishin tsara gari suke, titinmu za a faɗaɗa a mai da shi tagwaye.

Ga yadda ya yi min bayani, ki karanta a hankali tunda ke ce mai boko. Fenti na farko shi ne inda titi zai ci, ya haɗa da shago da zaure. Daga nan kuma akwai taku ashirin da ba a yarda a ɗora ko bulo ɗaya ba. Ba sabon ɗaki, ba bene, ba rushe tsoho a tada sabo. Faci kawai, shi ma sai da izini. Na ce yaushe za a yi titin? Ya ce ko shekara uku ko ashirin, shi ma bai sani ba. Na ce to ku sallame ni in tashi. Ya ce diyya sai ranar da aiki ya zo. Na ce to in sayar? Ya yi dariya ya ce, “Baiwar Allah, wa zai sayi gida da jan fenti?” Gida nawa ne, amma an ɗaure min hannu an bar ni a ciki.

Kin san inda fenti na biyu ya sauka? A gindin mangwaro, daidai wa daida, kamar an gwada. Gidana duka yana ciki, har ɗakin Inna. Daga mangwaro zuwa baya kowa ya gina abin da ya ga dama. Mai fentin ya tsaya yana kallon filinki ya ce, “Mai wannan ta tsinci dami a kala, in titi ya zo ita ce a gaba.”

Auta, na ji haushi, ba zan yi miki ƙarya ba. Ke tun kina ƙarama haka kike. Ni aka tsayar a aji shida aka ɗora a kan keken ɗinki, ke aka kai har makarantar jinya. Da Baba ya tashi raba fili, ke ya ba bakin titi. Yanzu kuma titin da kansa ya taso ya bi ki har baya. Rannan hannun riga biyu na ɗinka a baibai.

Inna ta ce a gaishe ki. Kullum tana tambayarki, ki daina wannan maganar banzar. Bangon ɗakinta na gabas ya ɗan tsage, shi ke damuna yanzu ga damina tana tafe.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaida ku duka, da fatan gwiwar Inna ta yi sauƙi. Ni mura ce ta kama ni, amma ta sake.

Innalillahi. Na karanta takardarki a ɗakin hutun ma'aikata, na ce Allah ya kyauta, Allah ya ba da mafita. Daga nan kuma sai dariya ta ƙwace min, har abokiyar aikina ta ce ko albishir aka aiko min. Na yi istigfari daga baya. Tunda ke kin faɗi naki haushin, ni ma ba zan ɓoye dariyata ba.

Kin ce Baba ni ya ba bakin titi. Madalla da kika tuna, na zaci kin manta. To bari in ƙarasa miki labarin. Wata biyu bayan rasuwarsa, a ɗakin Inna, kina bakin gado kina kuka kina cewa tela ba titi ai yunwa ce, me za ki yi da fili a lungu. Inna ta dube ni ta ce, “Auta, ke kina da aikinki. Bar wa yayarki gaba, ki ɗauki baya.” Na ce to. Me zan ce? Uwa ta yi magana, yaya tana kuka. Shekara goma sha ɗaya ina tauna wannan “to” ɗin, har yau bai haɗiyu ba.

Ba filin ne kaɗai ba, Yaya. A gidanmu komai ke ce. Ke ake shawara da ke, ke kike riƙe makullin akwati, ni sai a ce je ki yi karatu. Rana ɗaya tak Baba ya zaɓe ni a kanki, ranar da ya miƙa min takardar filin gaba. Ita ma kika yi kuka kika karɓe. Kika haɗa da Inna, domin ai inda aka yi gini nan uwa za ta zauna. Ke kike ganinta kullum da safe, ni sai sau biyu a shekara kamar baƙuwa.

To ga shi yanzu. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Abin da aka tura min don ba shi da amfani, shi ne ya zama na gaba. Ban roƙa ba, ban yi wa kowa kuka ba.

Duk da haka ba na so ki wulaƙanta, ki sani. Ki je ofishin nasu ki nemi izinin gyaran bangon Inna tun kafin ruwa ya kankama. Ki sa rigar kirki, kada ki je da zare a kafaɗa, kuma ki yi musu magana a hankali, ba irin ta gida ba.

Taki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan murar ta tafi gaba ɗaya. Yara lafiya. Baban yara ya yi fama da haƙori, an cire. Inna tana cin abinci, amma ba ta barcin kirki, za ki ji dalili.

Dariyarki ta iso, na karɓa. Allah ya ƙara miki abin dariya.

An yi ruwa uku manya. Tsagewar bangon da na gaya miki yanzu hannuna yana shiga har wuyan hannu. Mun ja gadon Inna zuwa tsakiyar ɗaki, mun toshe da tsummokaran shago. Magini ya zo ya duba ya ce faci ba zai riƙe ba, harsashin ne ya zauna, sai an sauke bangon an sake shi tun daga ƙasa.

Na bi shawararki, na sa rigar kirki. Kwana uku ina zarya. Ranar farko mai sa hannu ya tafi taro, ta biyu an kulle ɗakin fayil, ta uku na samu wani dattijo mai tabarau a karan hanci. Ya saurare ni tsaf, ya ce a cikin jan layi ba a sauke bango a tada sabo, ko na waye. Sannan ya buɗe fayil ya ce, “Ke ma wace ce? Ba sunanki ba ne a kan wannan fili.”

Auta, ba mu taɓa canza takarda ba. Musayar da muka yi a ɗakin Inna, a ɗakin Inna ta tsaya. Mu a gidanmu in uwa ta faɗa ai an gama, wa ya tuna da wani ofis? Takardun nan biyu suna ƙasan akwatin Inna cikin leda, yadda Baba ya bar su. A wurin hukuma gidan da nake ciki naki ne, da jan fentinsa. Filin baya kuma nawa ne. Dattijon ya ce in a can zan yi gini, mako biyu ya isa in karɓi izini.

Na fito na zauna a kan dakalin ofishin na rasa dariya zan yi ko kuka. Abin da na kwana ina jin haushinki a kansa, ashe sunana ne a kai.

To ga abin da na gani. Bulon da na saya don bene yana nan a jibge. Ɗaki ɗaya da banɗaki a bayan mangwaro ya ishi Inna, ta fita daga ƙarƙashin bangon nan kafin ruwan tsakiyar damina. Magini ya ce kwana ashirin ya gama. A takarda ba na bukatar izinin kowa, amma ina gaya miki.

Ki ba direba amsa a wannan zuwan.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaida Inna. Sauran ma na gaishe su.

“A takarda ba na bukatar izinin kowa.” Sau biyar na karanta wannan layin. Lallai! Yau kuma takarda ce ke magana? Shekara goma sha ɗaya maganar baki ta ishe ki, kina cin kasuwar titi a filin da sunana ke kai, ba ki taɓa tuna akwai takarda ba. Yau da baya ta yi daraja sai ga dattijo mai tabarau, sai ga leda a ƙasan akwati.

Da gaba tana da daɗi kika karɓi gaba. Yanzu baya ta yi daɗi kina miƙo hannu. Wancan karon da kuka kika zo, wannan karon da bangon Inna. Kin san in aka ce Inna bakina mutuwa yake yi, shi ya sa kike sa ta a gaba. Ɗaki ɗaya da banɗaki! Ai na san karatun. Baɗi a ce ga ɗan madafi, baɗin baɗaɗa a ce shago ya matso tunda titi ya zo. Ni kuma in dawo da jakata in tarar da jan fenti yana jirana. Na gaya miki da igiya ake farawa.

Ba ki ma roƙe ni ba. Gaya min kike yi.

To ki ji da kyau. Ban yarda a ɗora bulo ko ɗaya a bayan mangwaro ba. In bango ne, a tokare shi da katako, a sake kiran wani maginin, ba shi kaɗai ya iya aiki ba. Kin cinye Inna ke kaɗai shekara goma sha ɗaya, yanzu kuma ba za ki cinye filina da sunanta ba. In kika yi ginin nan, kada ki sake wahalar da direba da wasiƙa.

Auta

*

Yaya,

Lafiya kuwa? Yau mako bakwai ke nan. Direba ya zo sau shida hannu rabbana. Na kira wayarki ba kya ɗauka, ta Baban yara kuma ya ce yana kan hanya zai kira, bai kira ba.

Jiya na tsare direban. Ya ce shi dai daga titi yake wucewa, amma ya hango bulo a bayan mangwaro. Ashe kin yi. Kin yi kin yi shiru, sai an kafa ƙofa a ce Auta ta zo ta yi barka. Na kwana ina juyi ina ganinku zaune a inuwar filina kuna hira, ni ko a cikin hirar babu ni.

Amma ya kuma ce ya ga kamar gidan ya yi wani iri ta gabas. Me ya faru? Yaya Inna? Ki zage ni in kina so, amma ki rubuto.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, Inna ma tana raye, shi kike so ki fara ji.

Bangon ya faɗi. Ranar Alhamis da la'asar, kwana tara bayan takardarki ta iso. Mun tokare shi da katako kamar yadda ke likita kika ba da umarni. Allah ya sa Inna tana shago tana taya ni ɗaura maɓalli. Muka ji rugum, muka fito, gadonta ya koma itacen wuta. Da awa ɗaya aka ƙara, tana kai tana hutawa.

Washegari masu jan fenti suka zo. Suka ce Allah ya tsare gaba, a kwashe ɓaraguzai, amma ɗakin da ya faɗi a cikin layi ba ya tashi. Suka ga bulona a ƙofar gida suka ce in kawar da shi kada su zaci wani abu. Ba ni da inda zan kai shi sai bayan mangwaro. A jibge yake, ko ɗaya ba a ɗora kan ɗan'uwansa da siminti ba. In hayar wurin za ki karɓa, ki faɗa.

Mako shida ke nan Inna tana kwana a shago, tsakanin kekuna biyu, a kan katifa a ƙasa. Ɗaki ɗayan da ya rage mu shida ne a ciki. Kowace babbar mota ta wuce sai ƙofar ƙarfen ta girgiza, hayaƙi kuma ya sa mata tari. Izinin ginin baya yana hannuna tuni, na nema tun kafin amsarki ta zo don na zaci za ki ce to. Kullum ina kallonsa. Ban yi ba, domin ni na ce miki baya taki ce a gaban Inna, kuma ban iya cin maganata ba ko da takarda ta ba ni dama. Shirun da na yi, ba ni da abin rubutawa ne da ba zagi ba.

Kin ce ban roƙe ki ba. Gaskiya ne. Ban iya roƙonki ba, Auta. Tun kina sa farar rigar makaranta ni ina wanke miki ita nake jin kin fi ni, in na ƙara da roƙo me ya rage min?

Ga takarda a cikin ambulan. Ta mai da filin baya sunanki ce, na sa hannu, saura naki. Ki sa ki aiko, a huta.

Abu na biyu. Inna ba za ta ƙarasa damina a shago ba. Kin ce na cinye ta ni kaɗai. Ga ta nan tafe ranar Asabar a kujerar gaba, na yi magana da direba. Ba ta son shayi da zafi sosai, kuma sai an tuna mata maganin hawan jini.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Baban yara da yarana. Inna ta iso lafiya, tarin ya ragu, hawan jinin ma ya daidaita. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Kwana tara takardar nan tana cikina na kasa zaunar da ita.

Ranar da ta zo, ma'aikata biyu ne suka ɗauko ta a kan kujera har hawa na uku. Tun ranar ba ta sauka ba, gwiwar ba za ta iya ba. Kwana ukun farko ni kam na ji daɗi, har kunya nake ji. Na dafa mata, na shafa mata magani da hannuna, na ce yau dai Inna tawa ce. Amma in na tafi aiki ita kaɗai ce da tankin ruwa. In na dawo sai in tarar da ita a bakin taga tana lissafin wa ya taso daga makaranta, wa bai ci abinci ba. Sau biyu ta kira ni da sunanki. Ta daina cinye abincinta. Na samu abin da na yi shekaru ina nema, ga shi yana ramewa a gabana.

Ranar Lahadi ta ga ambulan ɗinki a kan tebur ta ce in karanta mata. Na karanta. Sai na ga hawaye a idonta. Ta ce, “Auta, ni na ɓata rabon nan, ba ku ba.”

Yaya, Baba ya sani. Shekarar da aka yaye ni daga nono, shi ya riƙe wa masu awo sanda a kan titin nan, ya ji da kunnensa suna cewa wata rana za a faɗaɗa shi, ya ga inda suka kafa turken ƙarshe. A ramin turken ya dasa mangwaro. Shi ya sa fentin ya sauka a gindinsa. Da zai raba fili ya ce wa Inna, “Baya na babbar ne. Ban ba ta karatu ba, ba ta da komai sai kekenta, dole ta samu wurin da ba mai tashinta. Auta tana da aiki, in titi ya ci gaba ta karɓi diyya ta yi gaba.” Ya hana Inna faɗa mana don kada in ce an ba ni na banza. Inna ta ce ta jira shekara da shekaru ba ta ga titi ba, ta ɗauka zancen masu awo ne kawai. Da ya rasu ta gan ki kina kuka, sai ta ga kamar ya zalunce ki, ta ce bari ta gyara.

Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka. Kada ki zaci tausayinki ne, kishi ne tsagwaronsa. Rana ɗaya nake taƙama da ita a duniya, ranar da Baba ya zaɓe ni a kanki. Ashe ranar ma ke ya zaɓa. Ke kina can kina jin haushin an ba ni titi, ni ina nan ina hura hanci, shi kuwa tsohon ya riga ya auna komai da sandarsa. Wallahi na so in yi shiru in sa hannu a takardarki, ba mai sani sai ni da Inna, ita kuma ba za ta faɗa ba. Biro har ya taɓa takarda, za ki ga ɗigon.

Sai na tuna izini yana hannunki mako shida, uwarmu tana tari a ƙasa, kika ƙi ɗora bulo saboda maganar da kika yi min. Ni kuma na sa aka tokare bango da katako. Da awa ɗayan nan ta cika, da ban san inda zan sa kaina ba. Ki yafe min.

Ga takardarki na mayar, ba sa hannu. Baya taki ce, yadda mai ita ya raba. Gaba tawa ce da jan fentinta, ki ci gaba da ɗinkinki a ciki har ranar da titi zai zo ya tashe mu, ko shekara uku ko ashirin. Kada ki rubuto ki ce a'a, kada kuma ki yi min godiya, ban kai nan ba tukuna. 

Ki kira magini gobe. Ya ce kwana ashirin, ki ce masa sha biyar. A yi tagar ta kalli mangwaro, kada a sa matakala ko ɗaya a ƙofa. Na nemi hutu, ranar da aka kafa ƙofa ni zan kawo Inna da kaina. Tun da na gaya mata take tambaya yau kwana nawa ya rage, ɗazu ma ta cinye abincinta tas.

Igiyar shanyarki kuma ki mayar da ita inda take.

Ƙanwarki,
Auta